Rabin Awar da Aka Ƙwace wa Doña Eulalia

Ranar Alhamis, shida ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Doña Eulalia Barragán a asibitin gundumarmu, tana da shekara sittin da takwas a duniya. 'Yarta Rosaura ce ta kira ni, ni ne padrino ɗinta, wato uban baftismarta. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Padrino, Mama ta tafi." Ina tsaye a ƙofar gida da tiyo a hannu, ina wanke lakar da ambaliya ta bari a kujerunmu, na daskare a wurin har ruwa ya cika mini takalmi ban sani ba. Likitoci sun ce ciwon huhu ne. Ban ƙaryata su ba, aikinsu suka yi. Amma ni na san inda huhun nan ya sha ruwa, na kuma san abin da ya kai ta cikin ruwan, kuma yau sai na faɗa.

Comadre Eulalia, ki gafarce ni. Tun ranar da na riƙe Rosaura a coci aka yi mata baftisma muke kiran juna comadre da compadre, kin kuwa san halina, ba na iya ɓoye fushi. Na san ta'aziyya ba fagen faɗa ba ce. Na zauna da niyyar in rubuta alherinki kawai in yi miki addu'a, amma duk inda na ɗauko alherin sai in tarar da wanda ya taka shi. Abin da nake nema ɗaya ne, zan kuma faɗe shi tun daga farko don kada wani ya ce bai gane ba: a dawo mana da rabin awar nan ta ƙarfe shida da aka ƙwace miki a gidan talabijin na jama'a.

Na jama'a ake ce masa. Da harajinmu da gudummawarmu yake numfashi. A kwarin nan, in ka shiga gonar inabi ko ta latas, ko rumfar da ake ɗaure albasa, ka yi sallama da Turanci, sai dai mai gona ya amsa maka. Sauran duk Sifaniyanci muke yi, wasu ma Sifaniyancin aro ne gare su, harshen duwatsun Oaxaca, can ƙasarmu ta asali, suka sha a nono. Duk da haka, cikin dogon yinin da tashar ke watsa shiri, rabin awa kacal aka taɓa ba mu, ita ma sai da kika yi shekaru kina zarya kamar mai neman aure. Kika sa wa shirin suna "Barka da Yamma, Mutanen Kwari", kika kuma nace sai ƙarfe shida, lokacin da mutum ya dawo daga gona ya cire takalmi, wake na kan wuta. Fiye da shekara ashirin ina bayan kyamara ina kallon ki kina yin sa.

Ranar farko da muka fita gona ɗaukar hoto, na kafa kyamara a tsaye ina ɗaukar matan da ke sunkuye suna tsinkar latas. Kika zo kika dafa mini kafaɗa, kika ce in durƙusa. Na ce me ya sa? Kika ce mai gona ne kaɗai ke kallon su daga sama, ni kuwa ko tukunyar fure ban mallaka ba. Matan suka kwashe da dariya, ni kuma na durƙusa cikin laka. Haka na yi ta durƙuso shekara da shekaru. Gwiwoyina har yau suna kai ƙarar ki duk sanyin safiya, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba.

A shirin nan mutane suka san ranar da za a yi feshin magani a gonaki don su hana yara fita. A nan suka ji cewa shan ruwa da hutawa a inuwa lokacin zafi haƙƙinsu ne, ba alfarmar shugaban leburori ba. A nan tsofaffi suka ji ranar da likitan ido zai zo. Na tuna wani bawan Allah da zafi ya kashe a gonar inabi, ba wanda ya san sunansa na gaskiya, don da sunan wani yake aiki. Gawarsa na kwance a asibiti ba mai ita. Kika ɗauki hotonsa kina nunawa kowace yamma, kina cewa wannan ɗan wata ne, akwai uwar da ke jiran wayarsa ran Lahadi. Shugabannin tashar na lokacin suka ce abin ba daɗin gani. Kika ce ai mutuwa dama ba ta da daɗin gani, kika ci gaba. Can wata mai sayar da burodi ta gane ɗinkin da ke wuyan rigarsa, ta ce na ƙauyensu ne. Aka kai shi gida, uwarsa ta binne shi da sunansa.

Ba zan mai da ke waliyya ba, don in na yi haka ke ce farkon mai tsine mini. Kina da baki. Ɗan majalisar gunduma in ya zo shirinki da dogon Turanci, sai kin sa ya maimaita amsa har ta fito a taƙaice, yana gumi ina ɗauka. Gahawar da kike dafawa a ofis kuwa, da ita za a iya cire tsatsa daga ƙarfe, kuma ba mai ikon ƙin sha. Kowace Kirsimeti kina zuwa da tukunyar tamales, alalar masarar nan tamu da ake naɗewa a ganye, ki tsaya a kanmu sai mun yaba, wanda ya yi jinkirin yabo ba shi da ƙari. Amma lokacin da matata ta kwanta jinya, ke kika riƙa ɗauko yarana daga makaranta a tsohuwar motarki mai tari, kika ciyar da su, ba ki taɓa ambata shi ba ko sau ɗaya. Ni nake ambata shi yau.

Akwai kalma ɗaya da kika haramta a ɗakin shirinki, kuma a kanta duk wannan rubutu yake. Ahorita. Wanda ya koyi harshenmu a aji zai rantse maka cewa ma'anarta "yanzun nan". Mu kuwa da muka tashi da ita mun san "ina zuwa" ce. Uwa ta aiki ɗanta ya ce ahorita, ya ci gaba da ƙwallonsa. Bakanike ya ce maka ahorita, ka tafi ka dawo jibi. Kalma ce ta ladabi, da ita muke tausasa umarni don kada mu yi wa babba tsawa, da ita kuma muke ƙin abu ba tare da mun ce a'a ba. Kina son ta a gida kamar kowa, na sha jin kina faɗa wa mijinki Don Cipriano ita in ya tambayi abinci. Amma a gaban kyamara, a'a. Kika ce mutumin da ke sauraron ki yana iya ɗora ransa a kan abin da kika faɗa, don haka ko ki faɗi ƙarfe nawa, ko ki ce tashi ka fita. Duk wanda bakinsa ya zame ya faɗe ta a ɗakin, shi ke wanke tukunyar gahawar nan. Har wani fada da ya zo sanar da bikin coci sai da ya naɗe hannun riga ya wanke, kina tsaye kina nuna masa inda ya bari.

Yanzu bari in zo kan Heriberto Quiñones, shugaban tashar. Da baƙo ne ya yi mana wannan, da abin ya zo da sauƙi. Heriberto namu ne. A layinmu aka haife shi, uwarsa da matata rumfar albasa ɗaya suka yi aiki. Ke kika tsaya masa har ya shiga jami'a. Ya dawo da digiri da taye, ya zama Herb a bakin Turawan kwamitin tashar, ba mu ce komai ba, muna ma alfahari. Bara waccan ya kira mu ofis, ya ce zamani ya canza, mutane sun koma waya, kwamiti na son shirin da zai jawo masu hannu da shuni. Ya ce ba soke shirin aka yi ba, dakatarwa ce ta ɗan lokaci, kafin nan za a riƙa sa rubutun Sifaniyanci a ƙasan allo. Kika tambaye shi ko ya taɓa ganin kakarsa tana karanta rubutun da ke gudu a ƙasan allo. Ya sunkuyar da kai yana gyara takardu. Ni aka sallame ni da godiya. A gurbinmu aka sa wani shiri na mutanen da ke yawo da tsofaffin kujeru da agogai ana gaya musu darajarsu.

Ba ki daina zuwa ba. Duk wata sai kin je ofishinsa kin tambayi ranar da shirin zai dawo, shi kuma ya tashi ya rungume ki, ya sa a kawo miki ruwa, ya ce, "Ahorita, Doña Lala, ana kan magana." Da kalmar da kika hana shi faɗa tun yana zuwa kallon ɗaukar shiri ya riƙa sallamar ki. Kin gane sarai. Kika ce mini a mota wata rana, "Compadre, yaron nan da wuƙata yake yanka ni." Muna ta jin gafara sa ba mu ga ƙaho ba, har aka shiga damina ta biyu.

Sai ruwan Janairu ya zo. Kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba, kogi ya cika ya batse, ganuwar ƙasar da ke tare shi daga unguwar bakin kogi ta fara tsatsa. Ran Lahadi da la'asar hukumar gunduma ta sanar da tashar cewa ganuwar ba za ta kai dare ba. Heriberto da kansa ya fito a allo. Da Turanci ya yi magana kamar soja: ku bar gidajenku yanzu, kada ku tsaya ɗaukar komai. Sannan ya juyo gare mu. Ban ce ya yi da mugun nufi ba, Allah ya sani ban ce ba. Amma da ya koma harshen uwarsa sai ya koma ɗan unguwa mai magana da gwaggwanninsa, muryarsa ta yi laushi, ya yi ɗan murmushi don kada tsofaffi su firgita. Ya ce kada a tsorata, a haɗa kaya a hankali, ahorita za a fita. Turawan da ke kan tudu, waɗanda ruwan ba zai taɓa ba, su aka ce wa su gudu. Mu da ke cikin kwari aka ce mana muna da sauran lokaci.

Ban gama miƙewa daga kujera ba wayarki ta shigo. Kika ce, "Ka ji abin da ya faɗa? Kawo motarka."

Abin da muka tarar a unguwar bakin kogi ba zan manta da shi ba. Ba wanda ke gudu. Wani yana ɗaure katifa a kan mota yana fito. Wata tana jiran mijinta ya dawo daga wurin aski. Doña Petra, wadda ƙafarta ba ta taka ƙasa sai da keken guragu, mun same ta tana jiran wake ya nuna, ta ce ba za ta je makarantar da aka tanada wa masu gudun ruwa ta zauna da yunwa ba.

Kika ce, "Petra, kashe wutar nan, mu tafi."

Ta ce, "Haba Lala, ai ɗan gidan Quiñones ya ce ahorita. Zauna ki ci wake."

Kika ce, "Ɗan gidan Quiñones yana kan tudu. Ni na ce yanzu. Kin taɓa jin na yi miki ƙarya a akwatin talabijin ɗin can?"

Ta dube ki, ta miƙa hannu ta kashe murhu. Haka kika bi gida gida kina dukan ƙofa da tafin hannu, mutane suna ganin fuskarki suna ajiye abin da ke hannunsu, don fuskar ƙarfe shida ce. Abin da tasha guda mai eriya a kan dutse ta kasa yi, shi tsohuwa ɗaya ke yi da ƙafa. Ganuwar ta ɓalle muna layi na ƙarshe. Ruwan sanyi ne ƙarara, ya kwaso takin gonaki da maganin feshi da duk ƙazantar kwari. Na roƙe ki ki hau mota, kika ce akwai sauran gida biyu. Kika shiga har ƙirji, kika fito da wata mai jego da jaririnta a kanki. Ba a rasa rai ko ɗaya a unguwar ba ranar. An yi ta faɗin haka a labarai da alfahari, ba wanda ya ce ga dalili.

A zauren makarantar da aka tara mu kika kwana da jiƙaƙƙen kaya, bargon da aka ba ki kin lulluɓa wa Petra. Tari ya fara washegari. Rosaura ta yi ta fama ki je asibiti, kika ƙi, kina yawo da waya kina ɗaukar muryarki kina tura wa mutane cewa kada yara su taɓa lakar, kada a sha ruwan famfo sai an tafasa. Aikin tasha kike yi, tashar kuwa tana can tana nuna tsofaffin agogai. Da aka kai ki asibiti huhun ya riga ya ci. Ranar ƙarshe da na same ki da sauran magana, kika janye robar iskar da ke fuskarki, na matso ina tsammanin wasiyya ce a kan Cipriano ko yara. Kika ce, "Ruwan bana bai ƙare ba, compadre. Wa zai faɗa musu?"

Ranar jana'izarki, furen da ya fi kowane girma daga tashar ya zo, sai da mutum biyu suka ɗauko shi. An sanar cewa za a sa wa ɗakin ɗaukar shiri sunanki, ɗakin da aka kulle miki. Wannan shi ne ihu bayan hari. Heriberto ya zo addu'ar kwana tara da ake yi miki a gida, ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka, kukan gaske, na gani. Ya kama hannuna ya ce bai san abin da ya sa kalmar ta fito daga bakinsa ba. Na ce masa ni na sani: harshensa ne, haka kowannenmu zai faɗa, shi ya sa aikin ke buƙatar wadda ta yi shekara ashirin tana horar da bakinta. Na ce ban zo karɓar hawaye ba, yaushe shirin zai dawo? Ya ce kwamiti zai zauna ƙarshen wata, za a duba. Na ga leɓensa ya ɗauko kalmar nan ya mayar.

Ku kuma mutanenmu da kuka cika coci har waje, kuna share hawaye da gefen mayafi, ina da magana da ku. Lokacin da aka dakatar da shirin, Doña Eulalia ta roƙi kowa ya zo zaman kwamiti. Kujerun zauren nan sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Kowa yana da uzuri, kowa ya ce wani zai je. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai ɗakin ya yi shiru, wanda ke kan tudu ba zai sauko ya duba masa rufi ba. Ganuwar kogi buhunan yashi kawai aka jera mata, sama kuma tana haɗa hadari ina wannan rubutu. Kwamiti zai zauna ranar Laraba ta ƙarshen wata a zauren tashar, ƙofa a buɗe take ga kowa. Akwai matasa a kwarin nan da ta koya wa aikin, a shirye suke. Kada ku kawo fure. Ku zo da takalmanku na gona, ku zauna har sai an faɗa muku rana da ƙarfe nawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rosaura da ƙannenta, da jikoki, da 'yan'uwan marigayiya na Michoacán, can gida, da ba su sami ikon zuwa ba, da Doña Petra wadda tun ranar ba ta daina cewa ita ce sila ba. Petra, ba ke ba ce. Sai kai, compadre Cipriano, da ban san da wane baki zan yi maka gaisuwa ba. Ran Juma'ar da ta wuce tashar ta yi shiri na musamman don tunawa da matarka, da ƙarfe shida. Muna falonka. Ka sa farar rigarka, ka zauna kusa da akwatin talabijin. Suka nuna hotunanta da ni na ɗauka ina durƙushe, suka cire muryarta suka ɗora ta wani mai bayani. Da Turanci aka yi shirin daga farko har ƙarshe. Ka yi ta kallon fuskar matar da kuka yi shekara arba'in da wani abu tare, bakinta yana motsi, wani yana magana a kanta. Can ka juyo wurin Rosaura a hankali, ka ce, "'Yata, me suke cewa a kan mamanki?" Rosaura ta riƙe hannunka. Ni na tashi na fita waje.

Ubangiji Allah ya jiƙan ki, Eulalia. Ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawa ta har abada, ya haskaka makwancinki. Yadda kika ƙwanƙwasa ƙofofin mutane don su tsira, Allah ya buɗe miki tasa ba tare da jira ba. Ya ba Cipriano da 'ya'yanki haƙurin rashinki, ya sanyaya zuciyar duk wanda ya saba jin muryarki da yamma. Ni kuma ya sassauta mini wannan fushi, amma ina roƙonsa kada ya ɗauke mini shi sai an dawo wa mutanen kwarin nan da mai yi musu magana da harshensu. Amin.